Harsashin da Ya Ƙi Tashi

Orval Tackett ya shekara talatin da huɗu yana koyar da tarihi a makarantar sakandaren garinsu, a gabashin Kentucky, kuma ya yi ritaya da yaƙinin cewa duk abin da ya karanta a kansa ya san shi. Da 'yarsa Darla ta sami aikin jinya na bi gida-gida, tana tuƙa mota ita kaɗai cikin kwazazzabai inda waya ba ta kamawa, sai ya yi abin da ya iya. Ya tara mujallu, ya yi wata uku yana auna ƙananan bindigogin da ake ɓoyewa a ƙugu: wannan ta yi nauyi, waccan kunamarta ta yi tauri, wata kuma an ce tana cijewa idan ta yi datti. Daga ƙarshe ya zaɓi wata baƙa, 'yar siririya, mai cin harsashi bakwai, ya sayi biyu. Ɗaya tasa, ɗaya ta Darla. Ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, wannan ba ta taɓa ba wa mai ita kunya ba.

Shekara shida ke nan. Ranar wata Asabar da safe ya je filin gwajin harbi da ke bayan gari. Ya saba idan ya je sai ya cire harsasan da yake yawo da su ya ajiye a aljihu, ya zuba na gwaji masu araha. Ranar kuwa sanyi ya kama masa yatsu, ƙiwa ta hana shi canjawa. Ya ɗage riga, ya zaro bindigar yadda take, ya saita takardar da ake harbi, ya ja kunama.

Ƙas. Babu ƙara, babu hayaƙi.

Ya tsaya riƙe da ita yana kallon takardar. Ya jira, sannan ya ja saman bindigar baya, harsashin ya faɗo a ƙasa. Sauran shidan duk suka tashi lafiya, amma hakan bai sanyaya masa rai ba. Mutumin da ya tare mace a hanya ba zai tsaya ta gwada na biyu ba. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki harsashin, ya shiga mota, duk tsawon hanya Darla yake gani tana buga ƙofar wani gida a ƙarshen titin birji, da ƙarfen da ubanta ya rantse mata a kansa.

Mai gyaran bindiga ɗaya ne a garin, Lonnie Fugate, wanda Orval ya taɓa kayarwa a jarrabawa sau biyu a jere. Yanzu ya yi ƙaton tumbi da furfura, amma bai manta ba.

"Malam da kansa," in ji Lonnie, yana goge hannu. "Yau kuma wane sarkin na manta shekarar mutuwarsa?"

Orval ya ajiye bindigar a kan tebur ya ce ta yaudare shi, kuma irinta ce a jikin 'yarsa a wannan lokacin. Da jin haka Lonnie ya bar wasa. Ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya duba allurar da ke bugun gindin harsashi, ya haska bututun da tocila, ya mayar da komai. Ya shiga ɗakin gwaji na bayan shagon, Orval yana zaune a kan benci yana ƙirga ƙarar. Hamsin cif, babu wanda ya ƙi.

Orval ya ce wannan bai gamsar da shi ba. Abin da ya yi ƙarya sau ɗaya maƙaryaci ne, ko da ya faɗi gaskiya sau hamsin a bayansa. Lonnie ya ce ya tuna wannan magana, a kan takardar jarrabawarsa aka rubuta ta da jan biro. Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi harsashin da ya ƙi tashi.

Ya tsayar da shi a kan tebur kusa da wani sabo. Ko ba tabarau Orval ya ga bambancin. Nasa ya fi gajarta, kansa ya nutse cikin kwanson, bakin gindin duk ya ci zane kamar an yi ta tauna shi.

"Sau nawa ka ɗana wannan?"

Orval ya ce bai gane ba. Lonnie ya ce shi wannan harsashin, shi kaɗai, sau nawa ya shiga bindigar ya fita.

Orval ya kalli harsashin. Matarsa Imogene ta yarda a sayi bindigar ne bisa sharaɗi ɗaya: ba za ta wuce bakin ƙofar gidanta a ɗane ba. Saboda haka kullum idan ya dawo sai ya tsaya a baranda ya fitar da harsashin da ke ciki, ya ajiye shi a wani ɗan faranti. Da safe ya mayar da shi. Imogene ta rasu shekara huɗu da suka wuce, bayan likitoci uku sun yi ta gardama a kan abin da ke damunta, kuma ba ta bar wanda zai tambaye shi ba. Bai daina ba. Ya gaya wa Lonnie duk wannan cikin jimla biyu, ba tare da ya ambaci sunanta ba.

Lonnie ya lissafa da yatsa a iska. Ya ce ya haura sau dubu biyu. Duk lokacin da aka ɗana, ƙarfe yana bugun harsashin, ɗan sinadarin da ke gindinsa yana farfashewa har ya zama gari, kansa kuma yana ƙara nutsewa. Ya ce Malam ya gode wa Allah da bai tashi ba, don harsashin da ya matse haka yana iya fasa bindigar a hannun mai ita.

"Ba ta da laifin komai, Malam. Kai ne ka faɗi jarrabawa."

Orval ya juya zai zauna a kan benci. Bai kai ga zama ba ya sake miƙewa, domin ya tuna ranar da ya ba Darla bindigar. Ya rubuta mata ƙa'idoji goma a takarda da kyakkyawan rubutunsa na allo, kuma ta huɗu ita ce ta fitar da harsashi a bakin ƙofa kowace yamma ta mayar da safe.

Ya fita waje ya kira ta. Sau biyu wayar ba ta shiga ba. A na uku ta ɗauka, da ƙarar injin mota a bayanta. Ya ce ta tsaya a gefen hanya yanzu, kada ta taɓa bindigar, ya yi mata bayani a gurguje, har yana cin kalmomi, abin da bai taɓa yafe wa ɗalibi ba.

Ta saurare shi har ya gama.

"Baba, ni ban taɓa yin haka ba."

Ta ce matar da ta koya musu a ajin karɓar lasisi ta ga takardarsa tun makon farko, ta soke ta huɗu da biro. A cikin akwatin ƙarfe mai makulli bindigar take kwana, a ɗane yadda take. Bayan kowane wata uku ita da wata abokiyar aikinta suna zuwa su harbe harsasan gaba ɗaya su zuba sababbi, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa.

"Da ka kawo mini mujalla uku ka nuna mini matar ba ta san komai ba. Kuma dokar Mama ce. Ban so in zama wadda za ta ce maka ka bari."

Ya jingina da bangon shagon. Shekara shida tana gyaɗa masa kai idan ya tambaye ta ƙa'idojin, ashe tausayinsa take ji. Ya nemi ɓacin ran da ya kamata ya ji, ya same shi, amma ɗan kaɗan ne. Ya tambaye ta sauran tara fa. Ta ce akwai biyu masu amfani, kuma mai ciwon sukari yana jiranta.

Da ya koma ciki Lonnie ya riga ya ɗora masa akwatin ƙarfe mai makulli a kan tebur. Orval ya ture shi gefe. Ya ce zai ci gaba da fitarwa a baranda, amma harsashin da ya fita ba zai koma ba, zai tara su ya harbe ranar Asabar. Lonnie ya ce ai hakan ɓarna ce, harsashi guda kullum. Orval ya ce ya sani, a ba shi harsashi kwali biyu.