Takardar da Nogami Ya Rubuta

Mutumin ya zube ne daidai gaban farantin gyaɗar Ɗaso a unguwar Kudai, ana sauran kwana uku Arfa, shekarar 1964. Gajere ne, fari, zafin Makka ya kayar da shi. Ta ja shi inuwa, ta yi ta masa fifita da gefen mayafinta har ya buɗe ido.

Da Larabcin da ya koyo a Masar ya yi mata godiya. Sunansa Haruna Nogami, daga Japan, lauya ne. Aikinsa tsaya wa masuntan da wata masana'anta ta zuba wa guba a ruwa, kuma sau huɗu yana faɗuwa a kotu.

“Lauya?” Ɗaso ta ajiye mayafin. “To Alhaji, ni ma ina da magana.”

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta ƙetaro daga Sudan da 'yarta Ummulkhairi mai shekara shida. Wani dillalin alhazai ya karɓi yarinyar, wai zai ajiye ta gidan mutunci har a gama aikin hajji. Ashe sayar da ita ya yi. Hukuma ta haramta bauta shekara biyu da suka wuce, amma maigidan da ya saye ta a unguwar Shisha ya ce ai 'yar gida ce. Sau tara Ɗaso tana zuwa ƙofar, sau tara ana korarta.

“Hajiya, ba ni da ikon tsayawa gaban alƙali a ƙasar nan,” in ji shi. “Amma na san yadda ake jera magana. Wa ya gan ku tare a jirgi?”

“Tsoho, mai wankin nan na unguwar Ka'akiyya.”

“Wace shaida ce a jikinta?”

Ɗaso ta shafa tsaga uku da ke kumatunta. “Irin nawa. A cinyata aka yi mata.”

* * *

Bayan saukowa daga Mina, kwana biyu Nogami ya yi yana zuwa ɗakinta yana tambaya yana rubutawa. In kuka ya ci ƙarfinta sai ya ajiye alƙalami ya jira. Da ya miƙa mata takardar ya ce, “Ke dokarku tana nan, kai wannan takarda gaban alƙali kawai za a yi. Masuntana ba su da ko ɗaya. In na koma zan nemi kujerar majalisa, a rubuta musu tasu dokar.”

Wata biyar aka yi ana kai da komo. Tsoho ya rantse. Alƙali ya sa aka kawo budurwar, ya dubi fuskarta, ya dubi ta Ɗaso, bai ƙara wata tambaya ba, ya ce Ɗaso ta tafi da 'yarta.

* * *

Shekara uku bayan haka wani alhaji ɗan Japan ya kawo wasiƙa Kudai. Nogami ya faɗi zaɓen farko, ya ci na biyu, yanzu yana ta fama da 'yan majalisa kan maganar ruwan masunta. Yana tambayar lafiyar yarinya.

Ummulkhairi ce ta karanta wa uwarta, a hankali, tana bin baƙi da yatsa, domin bara ta fara koyo. Da ta gama ta naɗe takardar ta koma bakin ƙofa ta tsaya, hannuwa a baya, kamar yadda ta saba a wancan gidan.

“Zauna, Ummu,” in ji Ɗaso. “Nan ɗakinki ne.”

Ummulkhairi ta sauke hannuwanta. Sannan ta matso ta zauna a tsakiyar tabarma, ta miƙe ƙafafunta.