Baƙuwa a Ƙarƙashin Laka

Kwana goma dubagari ya ba Injiniya. Ya rubuta a takarda, ya yage ya miƙa masa: ko dai ruwan ɗan tafkin da ke bayan gidan ya gyaru, ko a cike ramin da ƙasa. Maƙwabta biyu ne suka kai ƙara kan wari da sauro.

Tafkin bai kai faɗin ɗaki ba, zurfinsa iya cinya. Injiniya ne ya gina shi da hannunsa wata biyar da suka wuce, bayan ya ajiye aiki a hukumar ruwa, inda ya shekara talatin da ɗaya yana tace ruwan da gari ke sha. Ya shafe shi da siminti, ya sa injin juya ruwa, ya sa aka kawo masa laka baro shida daga wani busasshen tafki a bayan gari don ya dasa bado. Sannan ya zuba jajayen kifaye goma sha huɗu, irin na ado.

Wata biyu ruwan yana garau. Daga nan ya koma kore, ya rine, ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifayen suka yi ta raguwa, ba gawa ba ƙaya. Ranar da dubagari ya zo saura uku, sun taru a saman ruwa suna buɗe baki.

"Shekara talatin kana shayar da gari," in ji matarsa ta tagar kicin, "ga kududdufin bayan gidanka ya kai ka ƙasa."

"Da ɗaya, Hajiya."

"To, da ɗaya. Haɗa har da ita ka kira mai tifa ya kawo ƙasa."

Kullum da safe yakan ɗebi ruwan a kwalba ya gwada. Ya wanke matata, ya rage abincin kifin, ya canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ya zargi kyanwar maƙwabta, ya zargi zalɓe, har ya shimfiɗa raga a kan tafkin. Washegari ya ɗaga ragar ya tarar da kifi biyu.

A rana ta huɗu ya yanke shawarar kwashe ruwan gaba ɗaya. Ya kira Baba mai lambu, dattijon da ke zuwa sau biyu a mako yana gyara shuke-shuke, wanda kuma shi ya turo lakar a baro tun farko. Suka mai da kifayen biyu cikin bahon wanki, suka sa tiyo da bokiti. Kafin hantsi ya ɗaga ruwan ya sauka iya ƙwauri.

Sai lakar ta motsa.

Wani abu ya taso daga gindin badon a hankali, ba gaggawa. Tsawonsa ya haura kamu guda, kaurinsa kamar damtsen namiji, launin toka da ɗige-ɗigen baƙi. Inda ake sa ran ganin fiffiken kifi, wasu zaruruwa huɗu ne sirara, yana dafa laka da su kamar mai rarrafe. Ya ɗago kai sama da ruwa, ya buɗe baki, ya ja iska har suka ji ƙararta, sannan ya koma ya kwanta.

Injiniya ya tsaya da bokiti a hannu, ruwa na zuba kan takalminsa.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Gaiwa ce, Yallaɓai."

"Wa ya saka ta?"

"Ni da kai. A baro muka kawo ta."

Baba ya tsuguna ya yi masa bayani. Idan tafki ya fara ƙafewa, gaiwa sai ta haƙa laka ta shige, ta naɗe jikinta, yauƙin fatarta ya bushe ya zame mata mayafi. Takan bar 'yar kafa guda ta iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Wurin da suka ɗebo lakar kuwa damina biyu bai ga ruwa ba, tun da masu aikin titi suka karkatar da magudanarsa.

"Shekara biyu? Me take ci?"

"Jikinta. Kaɗan-kaɗan."

Injiniya ya tuna shi ne ya hana a farfasa curin lakar, wai don saiwar bado ta fi kamawa. Ruwan nan ya gwada shi ya fi sau ɗari. Lakar kuwa bai taɓa tona ta ba ko sau ɗaya.

Hajiya ta fito da ludayi a hannu, da sauran magana a bakinta. Daidai lokacin gaiwar ta sake tasowa shan iska. Ta matso bakin ramin.

"Baba, wannan kifi ne ko maciji?" ta tambaya.

"Kifi ne, Hajiya, sai dai numfashinta irin namu ne. Danne ta a ƙarƙashin ruwa ki ga, mutuwa za ta yi."

"Kifin da ruwa ke ci! Ashe da sauran kallo a duniya."

Baba ya ce a bari ya ɗauko adda, namanta ba na yarwa ba ne. Injiniya ya ce a'a. Ya lissafa abin da ya rage masa. Idan ya sake cika tafkin, za ta ci gaba da dama laka, ragowar abin da ta ci yana ruɓewa a ƙasa. Idan ya cike ramin, ya binne ta da rai. Inda ta fito kuwa kwalta ce a kai yanzu.

"In muka bar sauran ruwan ya ƙafe da kansa fa?"

"Ai ta san aikinta," in ji Baba. "Ba mu muka koya mata ba."

Suka ƙara kwashe ruwan har ya rage iya idon sawu. Injiniya ya kashe injin, ya jawo kujera inuwar katanga. Washegari ya gan ta tana cizon laka tana shiga da kai, wutsiya na bin baya, har ta ɓace. Rana ta shanye sauran ruwan. Lakar ta yi tauri, ta tsattsage, warin ya tafi. Kusa da busassun ganyen bado aka bar kafa guda, faɗin babban yatsa.

Ranar kwana na goma dubagari ya dawo. Ya zaga ramin, ya shinshina, ya taka lakar da takalmi.

"Ba ruwa, ba sauro," ya ce. "Amma Alhaji, gara a cike shi kafin damina."

"Ba zai ciku ba. Akwai mai rai a ciki."

Dubagarin ya dube shi, ya dubi Hajiya. Ta nuna masa kafar da baki. Ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa. Baba ya ƙwanƙwasa lakar da bayan yatsa sau biyu. Daga ƙasa wani ɗan sauti ya fito, gajere, kamar gyaran muryar mai barci.

Dubagarin ya ja da baya, sannan ya sake matsowa, ya kara kunne.

"Har yaushe za ta kai a haka?"

"Ta taɓa yin shekara biyu," in ji Injiniya. "Iyakar abin da muka sani ke nan."

Dubagarin ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta: rami busasshe, babu illa, a sake dubawa bayan ruwan farko. Ya sa hannu ya miƙa wa Injiniya ba tare da ya ɗago ba.

"Baba," in ji dubagarin a hankali, "ƙara ƙwanƙwasawa."