Minti Biyun da Na Datse

Tun farko na ce muryoyin nan za su ba mu wahala, amma wa ya saurare ni? Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗauke ni aiki a Dutse, in gina mata rajistar iyakokin gonaki a kan bulokcen, wato sarƙar bayanai wadda kwamfutoci shida ke riƙe da kwafinta, daga Ringim har Kafin Hausa. Dattawa suka ce su ba su yarda da rubutu ba, sai dai a ɗauki muryar mai shaida. To, aka bi nasu.

Wanda bai taɓa miƙa wa tsoho waya ya ce yi magana ba, bai san haƙuri ba. Kafin ya ce gonar wane ta tsaya a kuka, sai ya gai da duk wanda ke zaune, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, har ya yi wa wani gaisuwar rashin da aka yi bara. Shaida dubu huɗu, kowace da wannan doguwar shimfiɗa. Cikin shekara biyu sarƙar ta kumbura, kwamfutar Ringim ta cika ta tsaya cak. In ka nemi gona ɗaya, sai ka je ka sha shayi ka dawo ka tarar kwamfuta tana ta juyi ba ta kawo ba. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Saifuddeen, ya ce in gyara ko ya nemi wani.

Raina a ɓace na yi gyaran. Na gina sabuwar sarƙa, na kwashe muryoyin na zuba a rumbu guda, sarƙar ta riƙe hatiminsu kawai, wato 'yar lambar da ke tabbatar da kowace murya, na kuma jera su gari-gari don nema ya yi sauƙi. Har nan ban yi laifi ba. Sai zafin kai ya ɗebe ni. Na saurari guda ashirin, na ga babu wanda ya shiga magana kafin minti biyu, sai na sa manhaja ta datse minti biyun farko na kowace murya kafin a buga hatimi. Tsohuwar sarƙar kuwa na goge ta daga kwamfutocin shida kaf, tunda wuri muke nema. Ranar har kirari na yi wa kaina.

Gab da faɗuwar damina aka kira ni wani ƙauye kusa da Aujara. Wata tsohuwa, Inna Adama, tana shari'a da maƙwabcinta Ɗayyabu a kan gonar da mijinta ya bar mata, wadda da ita take ci. Shaidarta ɗaya ne, Malam Sale, shi ma ya rasu, sai muryarsa da ke hannunmu. Da hantsi aka taru a zauren mai gari. Na latsa, ko daƙiƙa uku ba a yi ba murya ta fito, na ɗaga kai ina jiran yabo.

"Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, tun zamanin mahaifina haka na san ta. Ba mai taku ɗaya a ciki sai mai ita. Allah ne shaida."

Mai gari ya ce muryar Malam Sale ce, babu ja, amma wa yake yi wa shaidar? Ya ce in mayar baya. Na ce ai nan ne farkonta.

"A'a, ɗan nan," in ji Inna Adama. "Ni ya fara gaisarwa. Ya kira sunana, ya yi min ya haƙuri, ya ce a kan gonar marigayi aka taru. Ɗayyabu ma yana zaune, ya gaishe shi, ya amsa."

Ɗayyabu ya ce shi bai tuna an yi wani zama ba. Ashe a cikin gaisuwar da na raina ne suke faɗin wanda ke wurin da abin da ya tara su, ni kuwa da digirina ban taɓa lura ba. Haushin kaina ya kama ni har wuya.

Mai gari ya ce in ba a samo farkon ba, raba gonar zai yi biyu, kuma ɓangaren rijiya na wanda ya riga ya yi sharar gona a wurin ne, wato Ɗayyabu. Inna Adama ta ja tabarmarta ta matso kusa da ni.

"Kada ka yi gaggawa, ɗan nan. Duba a hankali, yana ciki."

Na sunkuyar da kai ina ta latse-latsen banza, don na rasa bakin da zan gaya mata cewa da hannuna na datse.