Ki Sansana Min Shi

Shagona yana ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Shekara huɗu ina ɗinki a wurin, kuma babu jaririn da aka haifa a layinmu da bai sa hulata ba. Amma ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Da butar shayi nake auna kansu: in kifa ta a tebur, in zagaya ta da tef, in yanka. Shi ya sa hulunana ke rufe musu ido, iyaye kuma su ce ba komai, zai girma ya cike ta.

Ina 'yar shekara bakwai na ga maɗigar ƙanina tana bugawa, fatar na sama da ƙasa, babu ƙashi a ƙarƙashinta. Tun ranar, duk sanda aka miƙo min jariri sai in tuna na bar dutsen guga a kunne.

Aminaina biyu, Doguwa da Aku, suna can ƙasar waje suna aikin jinya, ɗaki ɗaya suke haya. Kullum sai mun yi waya. Na san labulensu, na san tukunyar da ta ƙone musu. Su ma sun san duk wanda ya wuce ta ƙofar shagona.

Ranar Talata ƙanwar Doguwa, wadda muke kira Auta, ta dawo daga asibiti da ɗa namiji. A saman shagona suke zaune. Na hau da hula a leda da waya a hannu, Doguwa na kan layi tana hutun cin abinci. Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa wayar daga nesa.

"Matso mana, Tela," in ji Doguwa. "Labule kawai nake gani."

"Ai ba ya cizo," Aku ta leƙo ta bayanta. "Haƙori ma bai da shi!"

Mama, mahaifiyarsu, ta karɓi wayar ta haska fuskar yaron. Doguwa ta ƙura masa ido. Jarirai nawa take ɗauka a rana a can, amma nata na jini sai ta gilashi. Ba za ta samu hutu ba sai baɗi, lokacin ya fara tafiya.

"Na ga hancinsa, na ji kukansa," ta ce. "Abu ɗaya waya ba ta kawowa. Tela, ki sansana min kansa. Kwana kaɗan ƙamshin yake yi ya tafi."

"Mama ta sansana miki."

"Mama za ta ce yana ƙamshin jariri, shi ke nan. Ke kika iya magana."

Na ce dutsen guga. Mama ta ce ai an ɗauke wuta tun safe.

Ta zaunar da ni a tsakiyar gado, ta jera min matashi hagu da dama kamar ni ce mai jegon. "Lanƙwasa hannu, 'yata. Ba yadi ba ne, kar ki miƙe shi." Sai na ji nauyinsa, bai kai na almakashina da kwalin zare ba. Maɗigar tana nan tana bugawa, dab da haɓata. Na rufe ido na sunkuya.

"To?" in ji Doguwa.

"Kamar sabon yadin auduga da aka shanya ya sha rana," na ce. "Da madara kaɗan. Da wani ɗumi, irin na cikin mayafinki ranar da muka raka ki filin jirgi."

Doguwa ta rufe fuska da hannu. Aku ta ce, "Ga shi nan, kin sa ta kuka, kuma saura minti biyar ta koma aiki."

Auta ta ciro hular ta sa masa. Ta sauko har kan hancinsa. Ɗakin ya fashe da dariya, har da na cikin waya.

"Mama," na ce, ban yarda na motsa ba, "tef ɗina yana wuyana. Ciro ki zagaya min kansa, a hankali."

Santimita talatin da huɗu. Butar arba'in da ɗaya ce.

Da yamma na sauka na wanke ta, na dafa shayi a ciki na aika wa mai jego.