Igiyar Shanyar Gwaggo

"To in ba a yanka ni ba, hannun zai kai igiyar shanya?" in ji Gwaggo.

Likita ya ɗago kai daga hoton ƙashin, ya dubi Gwaggo, ya dubi ɗanta. Mai ɗinki, maƙwabciyar da ta tsinci tsohuwar a bakin famfo inda santsi ya kwashe ta, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Mama, dab da kafaɗa ya karye," in ji likitan. "Ko mu yi aiki mu sa ƙarfe, ko mu rataye hannun a wuya sati shida ya haɗe da kansa. A shekarunki duk kusan ɗaya ne, sai dai zuciyarki ba za ta so allurar barci ba. Ɗagawa sama sosai kam, zai yi wuya."

"A rataye. Ni ba ƙyaure ba ce da za a buga min ƙarfe."

Ɗan ya yarda, amma da sharaɗi: in wata uku ya cika ba ta iya shanya kayanta da kanta, za ta koma gidansa, can hawa na uku. Gwaggo kuwa shekara arba'in tana zaune a ɗakinta, ta riga ta ce daga shi sai kabari.

Da aka kwance ratayar, kullum da safe mai ɗinki na ganinta tana tafiya da yatsu a jikin bango kamar gizo-gizo, yadda likita ya koya mata. Hannun ya kai haɓa, ya kai hanci, ya tsaya cak. Igiyar da suke shanya tare a tsakar gida kuwa tana can sama da kusan taƙi biyu. Tausayi ya kama mai ɗinki har ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai dai wadda ta saba rage tsawon riga mai ita ba ta gane ba, ƙusa ba za ta gagare ta ba. Duk sati, in Gwaggo ta kishingiɗa da rana, sai ta ɗauko tef ɗin awo, ta sauko da ƙusoshin da ke riƙe da igiyar ƙasa da inci biyu, ta toshe tsofaffin ramukan da sabulu.

Ranar da ɗan ya zo, Gwaggo ta fito da bokiti, ta yarfa zani a igiya, ta maƙala masa maƙalai har uku don burga. Ya matso zai duba, igiyar ta tare shi a wuya.

"Kai, yaushe wannan ta sauko haka?"

"Kai ne dai ka ƙara tsawo," in ji mai ɗinki. "Cin daɗi ne."

Ya yi dariya, ya kwashe ledojin da ya zo da su don haɗa kayanta, ya tafi.

Wata bakwai Gwaggo ta ƙara a ɗakinta. Ba hannun ba ne ya kayar da ita, zuciyar ce: ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce. Wata safiya mai ɗinki ta kawo mata shayi, ta samu ta jingina da filo tana kallon tsakar gida ta taga.

"'Yar nan, in na tafi ki mayar da igiyar nan wurinta. Zannuwan gadonki sai jan ƙasa suke, kina wanki biyu."

Mai ɗinki ta yi turus da kofi a hannu. "Ashe kin sani, Gwaggo?"

"Hannuna ne ya karye, ba idona ba. Kuma sabulun wankina kike gutsura."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe tsohuwar. Bayan kwana biyu, da hantsi, ta cika a kan gadonta, ɗanta yana riƙe da hannun nan da bai ga wuƙa ba.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, mai ɗinki ta fito da guduma. Ta tsaya gaban bangon tana kallon ramukan, jere daga sama zuwa ƙasa, ruwan sama ya wanke sabulun duk sun bayyana. Sannan ta ajiye gudumar a kan taga, ta ɗauko zanin gadonta daga bokiti, ta ninka shi biyu, ta shanya.