Musayar Madara a Shagon Tela

Mai gadin kantin ya ɗaga hannuwansa sama. "Madarar jarirai ta ƙare! Sai wani satin, shi ma in mota ta iso."

Layin ya wargaje da hayaniya. Wata mai ɗinki da ake kira Tela ta tsaya cak, goye da 'yarta mai wata uku. Kanti na biyar ke nan tun safe. Tun aikin da aka yi mata a ƙirji ruwan nono bai zo mata ba, abin da ya rage a gwangwanin gida kuwa cokali huɗu ne, ba zai kai su la'asar ba. Surukarta ta ce a ƙara ruwa a tsinka, amma nas ta ja mata kunne kada ta kuskura.

Wata mata mai tabarau tana waya kusa da ita. "Wallahi Yaya, saura gwangwani guda, shi ma lamba ɗaya ce, ta sababbin haihuwa. In ya ƙare ban san abin yi ba."

Tela ta kamo gefen mayafinta. "Baiwar Allah, watan ɗanki nawa?"

"Takwas."

"Ina da lamba biyu har gwangwani biyu, ta 'yan wata shida zuwa sama. Ƙanin mijina ya sayo bai duba ba, tawa kuma ba ta isa sha ba. Ba ni ɗayan nan, ki kwashe biyun."

Matar ta kashe wayar ba ko sallama. "Da gaske kike?"

Kafin Tela ta amsa wani tunani ya faɗo mata. Ita da ko kuɗin ɗinkinta kunyar tambaya take, sai ga ta a kan matattakalar kantin tana tafa hannu.

"Iyaye mata, ku saurara! Wa ke da madarar da ɗanta ya ƙi, ko ya wuce shanta? Kada ku bar ta a kabad! Shagona na nan bayan gidan mai, mai koren ƙyaure. Kowa ta kawo abin da take da shi, mu yi musaya!"

Matan suka dubi juna. Can wata ta ce, "Ni ina da wadda ke sa nawa kumburin ciki."

"Ita kaɗai tawa ke sha!" wata ta amsa daga baya.

Kafin azahar Tela ta ture keken ɗinki gefe, ta kwashe yadudduka daga teburin yanka. Gwangwanaye suka fara sauka. Mai tabarau, wadda ashe malamar makaranta ce, ta zauna tana duba murfi da ranar lalacewa, wanda aka taɓa buɗewa ta mayar wa mai shi. Wani tsoho ya lallaɓo da madarar shayi, yana haki.

"Baba, wannan ai ta masu haƙora ce," in ji Malama.

"To ni ma ba tawa ba ce ke nan," ya ce. Shagon ya kwashe da dariya.

Wani magidanci ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana bakin ƙofa da yaro a kafaɗa, matarsa na kwance a asibiti, kuma bai zo da komai ba. Malama ta tambayi watan yaron, ya ce bakwai. Ta dubi gwangwanayenta biyu, ta tura masa ɗaya. Ya karɓa, ya rungume shi a ƙirji.

Da la'asar mutum goma sha tara sun fita da abin da 'ya'yansu za su sha. Tela ta tafasa ruwa, ta auna cokali cif yadda aka rubuta, ta ɗiga a bayan hannunta. Yarinyar ta kama bulumboti da hannu bibbiyu, tana zuƙa tana lumshe ido.

A haka mijinta ya shigo, direban bas ne, ya ajiye aiki ya wuni yana zaga unguwanni neman madara. Rigarsa sharkaf da gumi.

"Ki yi haƙuri, Maman Baby. Babu inda ban..."

Idonsa ya sauka kan bulumbotin, sannan kan teburin.

"Wanke hannunka," Tela ta ce. "Zo ka ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa. Gobe da safe kuma ka kawo min benci biyu, mutane sun sha tsayuwa yau."