Kiran Gidan Ɗangana

Da tafin hannu Ɗangana ya fara sanin filin wasan Kaduna. Ya shafa katangar, ya ji zafin siminti da warin sabon fenti, ya ɗaga kai bai ga komai ba sai wani dogon duhu da ya tare rana. Ciwon idon nan na mutanen bakin kogi ya riga ya cinye masa nesa, ya bar masa abin da ke gaban hancinsa kawai, shi ma ɗan ganin, likitan Yelwa ya ce kada ya sa rai zai daɗe.

Arzika dillalin kifin banda, wanda ke riƙe da hannun rigarsa, shi ya jawo wannan tafiya. Arzika mutum ne da ba ya ganin abu ya haɗiye. Ya kawo kaya Kaduna ana shirin gasar ƙwallon matasa ta duniya, a bazarar 1999, ya koma gida yana rantse-rantse cewa ya ga Saminu ɗan Ɗangana cikin masu gyaran ciyawar fili, da tiyo a kafaɗa. Ko sun gaisa? A'a, ta tsakanin ƙarafan ƙofa ya hango shi. Amma tafiyar nan ta gwame, in ji shi, ko a lahira zai gane ta.

Saminu ya bar gungunsu, wani tsibiri da ke tafkin Kainji, tun shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ƙwallo ce ta raba shi da ubansa. Ya bar komar kamun kifi a jiƙe ta ruɓe yana can yana buga wasa a Yelwa, uban ya sa wuƙar fiɗa ya farke ƙwallon, ya kuma faɗi maganar da ba a faɗa wa ɗan masunci: in ya tafi, kada ya ƙara amsa kiransa.

A wajen Gungawan tsibirinsu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowane gida yana da kiransa na kan ruwa. Na gidan Ɗangana yakan fara daga ƙasa ya hau, ya karye a tsakiya kamar shaƙuwa, ya sake hawa. Amsarsa kuma daga sama take farawa ta sauko. In hadari ya taso kwalekwale bai dawo ba, sai a tsaya a gaɓa a yi kiran, kuma duk wanda ya ji na gidansu dole ya amsa, ko da ba ya ga maciji da mai kiran. Wanda aka kira bai amsa ba, gawarsa ake fita nema. Shi ya sa Tabawa, uwar Saminu, ta hana a yi masa kiran duk shekarun nan, don tana tsoron shirun da zai biyo baya. Ranar tafiya ce kawai, tana ɗaure wa mijinta ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce in ya isa ya kira shi.

Ɗangana bai damu da cewa ba zai iya hango ɗansa ba. Muryarsa tana ƙetare Kogin Kwara daga gaɓa zuwa gaɓa, ina ga wani fili da aka kewaye da katanga? Shi dai yaron ya amsa, ya matso, ya kawo fuskarsa kusa tun da sauran abin da zai gan ta da shi.

Kaduna ta sha kwalliya kamar mai jiran surukai. Arzika ne ke ba shi labarinta: tutoci a kan kowace fitila, duwatsun gefen titi sun sha farar ƙasa, ga Turawa da gajerun wanduna suna cinikin rake. Ɗangana jin garin kawai yake yi, hon da busa da hayaƙi. Da suka hau gada ya ji ƙamshin ruwa, ya tambaya, aka ce Kogin Kaduna ne. Ya ce wannan a wajensu ai sai dai a wanke tukunya.

Sun gwada ƙofar ma'aikata, masu gadi suka ce ranar wasa ko uwar mutum ba ta shiga ta nan. Sai suka bi layi da sauran jama'a, aka tura su can sama inda rana ke dukan ƙeya. 'Yan Ghana ne ke karawa da wasu Turawa. Ɗangana bai ga ƙwallo ko sau ɗaya ba, wani koren hazo kawai yake gani a ƙasa. Ya zauna yana jiran hayaniya ta lafa, yadda ake jiran iska ta kwanta kafin a yi kira a kan ruwa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, ganguna suka sassauta. Arzika ya matse masa gwiwa.

"Ga su nan sun hito, masu gyaran hili. Wancan na ƙarshe, mai manjagara, shi na. Ko kuwa na kusa da shi... a'a, shi na."

Ɗangana ya miƙe. Ya sa tafukansa a gefen baki, ya ja numfashi tun daga cibiya, ya saki kiran gidansu. Ya hau, ya karye, ya sake hawa. Tsufa bai taɓa muryar ba.

Samarin da ke bayansa suka kwashe da dariya. Ɗaya ya kwaikwaya, har da karyewar, abokansa suka karɓa. Mai kakaki ya ɗauka da kakakinsa. Kafin Ɗangana ya sauke hannu, duk ɓangarensu ya ɗauka, aka cilla wa ɓangaren da ke fuskantarsu, su ma suka mayar. Dubban mutane, cikin nishaɗi, suna kiran Saminu ba su sani ba. Wani ma ya dafa kafaɗar tsohon ya ce Baba ya iya ɗaga fili.

Ɗangana ya roƙe su su yi shiru, amma ko Arzika bai ji shi ba. Ya karkata kunne yana neman murya ɗaya da za ta sauko a cikin dubban da ke hawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan ruwa ba.

"Mi shika yi?" ya tambaya da ƙarfi.

"Ya yar da manjagara," in ji Arzika. "Shina juyawa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Bai san inda za shi duba ba."

"Bakinai fa? Ya buɗe baki?"

Arzika ya ƙanƙance ido. A karon farko a rayuwarsa ya rasa abin ƙarawa a kan labari. Ya ce nisan ya yi yawa.

Aka busa usur, 'yan wasa suka dawo, aka kora masu gyara suka shige wata ƙofa a ƙarƙashin benaye. Bayan an tashi, jama'a suka kwashe su kamar ambaliya har titi. Washegari suka dawo, wani mai shara ya ce masu gyaran 'yan kwangila ne, an kwashe rabinsu da asuba zuwa wani filin, ko Kano ko Bauci. Saminu? Akwai Saminu, akwai ma wani Saminun, amma bai san mutumin ina ba ne. A bakin titi kuma yara sai kiran suke yi, kowane lungu. Duk wanda ya tashi sai Ɗangana ya tsaya cak ya juya, har Arzika ya gaji ya daina jan shi.

Kifin Arzika ya ƙare, mota ba ta jira. Suka biyo ta Birnin Gwari da Kontagora.

Tabawa ta tarye shi a gaɓa, ta riƙe bakin kwalekwalen.

"Ya amsa?"

"Ban jiya ba," ya ce.

Ba ta tambaye shi ko za a fita nema ba, shi ma bai ce ba. Ina za a jefa taru a nemo wanda ya ɓace a kan tudu?

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, tana fiɗar kifi a tsakar gida, shi yana zaune a inuwa, rediyon maƙwabta na kawo wasa daga Kaduna. Mai sharhi ya ce a saurari sabuwar waƙar 'yan kallo, ya yi shiru. Sai ga kiran gidansu ya fito daga akwatin, ya hau, ya karye, ya sake hawa.

Tabawa ba ta yi shawara da kowa ba. Da wuƙa a hannunta ta ɗaga kai ta amsa, daga sama zuwa ƙasa, yadda aka koya mata ranar da aka kawo ta gidan. Muryar ta bi kan ruwa ta tafi.

Suka saurara su biyu. Mai sharhi ya dawo, ya ce an samu bugun kusurwa.